Littafin Basasar Kano: inda aikin ya kwana

Lahadi 6 ga Oktoba, 2024

Masu tambayata ina labarin littafi, ga inda zan riƙa ajiye bayani daga yanzu. Ƙagaggen labari ne nake rubutawa a kan Yaƙin Basasar Kano na 1893 zuwa 1895. Ga wanda bai san tarihin ba: Sarki Abdullahi Maje Karofi ya rasu 1882, ƙaninsa Muhammadu Bello ya gaje shi, shi kuma Bello ya yi ta tuɓe 'ya'yan Abdullahi daga sarautu yana naɗa nasa. Da Bello ya rasu ƙarshen 1893 sai Sarkin Musulmi Abdurrahman, wanda ake ce wa Ɗanyen Kasko, ya ce ɗan Bello, Galadima Tukur, za a naɗa, saboda bajintar da Tukur ya nuna masa a yaƙin Argungu, duk da mutanen gari da yawa Yusufu ɗan Abdullahi suke so. Yusufu ya fice da 'yan'uwansa suka tare a Takai, daga nan gari ya rabu biyu, Tukurawa da Yusufawa.

To amma ni ba wanda ya ci yaƙin ne ya dame ni ba, wannan malaman tarihi sun gama da shi. Abin da nake so in kama shi ne yadda al'amura suke kuɓuce wa mutum daga hannu, mutumin da ba shi da sarauta ba shi da doki, ya kwanta gari yana da sarki ɗaya ya tashi ana cewa biyu ne kuma ba wanda ya tambaye shi. Jarumina marini ne sunansa Ɗanlami, yana da mata Kande da yaron aiki Tanko, kuma wani bafade ya karɓi turkuɗi da kore na keso uku a hannunsa bashi, wuri dubu sittin ke nan, sai ga bafaden ya bi Yusufu Takai. Babi biyu na gama, na uku na rabi.

Asabar 12 ga Oktoba

Yau na wuni a marinar Ƙofar Mata. Allon da ke bakin wajen ya ce tun 1498 ake rini a nan, amma ramukan da ke aiki yanzu kaɗan ne, da yawa sun cike da ƙasa da leda, abin ya taɓa ni wallahi. Na samu wani dattijo ya ba ni lokacinsa sosai. Ya nuna min yadda ake haɗa baba da toka da kanwa da katsi, a bar shi ya yi kwanaki yana tsima, kullum sai an zo an motsa da muciya har kumfa ta taso, kuma da ido da hanci ake gane ya nuna ko bai nuna ba.

Na ce masa "Baba, in aka yi kwanaki ba a zo an motsa ba fa?" Ya ce "Yaro ai lalacewa zai yi, ka tsoma zane ka fitar kamar ba ka tsoma ba, asarar kayan haɗi asarar kwanaki, sai dai ka kwashe ka sake sabo."

Tun a adaidaita nake juya maganar nan, domin ita ce ƙashin bayan littafin gaba ɗaya. Ɗanlami ba zai ga Tukur ba, ba zai ga Yusufu ba, abin da zai gani shi ne ranar da ya kasa zuwa ya motsa raminsa, da ranar da masu kawo baba daga ƙauye suka daina shigowa, da ranar da mabugi ya ce ba zai buga masa ba sai ya ga wuri a ƙasa alhali shekara da shekaru bashi suke yi wa juna. Kuɗin mota zuwa da dawowa ₦1,600, na ba Baba ₦3,000 na goro, na sayi ɗan ƙyalle ₦2,500 don in riƙa ganin yadda shuni ke kama hannu.

15 ga Oktoba

Babi na uku ya kammala. Makin jarrabawar yara ya cinye sauran lokacin.

Asabar 19 ga Oktoba

Satin nan karatu na fi yi. Wani abu da ya ba ni mamaki, tsohon Tarihin Kano ɗin nan da Bature Palmer ya fassara a 1908, wanda ya jero sarakuna tun daga Bagauda, a kan Muhammadu Bello ya tsaya, wato daidai bakin ƙofar rikicin. Don haka sai na koma kan Kano Ta Dabo Cigari na Alhaji Abubakar Dokaji da littafin Adamu Fika na 1978 a kan basasar. Na Fika aro na samu, na yi fotokwafin babukan da nake buƙata, ₦4,200.

Sannan na sake duba littattafai biyu da idon mai neman dabara. Things Fall Apart na Achebe, 1958, sunan ma daga waƙar Yeats, mawaƙin ƙasar Ailan, ya ɗauko shi, wadda aka rubuta 1919 bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya lokacin da Turawa ke ganin duniyarsu na wargajewa. Littafin babi 25 ne, amma 13 na farko duk a kan zaman Umuofia ne, garin Ibo da labarin ya faru a cikinsa, noman doya, kokawa, aure, shari'a, makon zaman lafiya, fiye da rabin littafi kafin mishan su kafa coci. Da ina ɗalibi gani nake ja ne kawai, yanzu na gane in bai gina gidan a idonka ba, rushewarsa ba za ta yi maka ciwo ba. Mu a rubutunmu na yanzu, musamman na onlayin da ake sakin feji-feji, tun feji na biyu an yi saki an yi hatsari an sace yarinya, don kar masu karatu su gudu, to me ya rage da zai lalace?

Na biyu Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, 1934. Akwai tashin hankali na gaske a ciki, harin bayi, rabuwar uwa da ɗa, ƙetare Sahara. Amma wa ke ba da labarin? Umar ne da kansa bayan ya zama babban malami a Rauta almajirai kewaye da shi. Tun shafin farko ka san ya tsira, ya samu ilimi, ya samu daraja, zuciyarka a kwance take komai wuyar da zai shiga. Wannan ya dace da abin da littafin yake son koyarwa na haƙuri da ƙaddara, ban ga laifinsa ba ko kaɗan, amma ni ba shi nake nema ba. Nawa babin farko shi ma haka yake, Ɗanlami tsoho yana ba jikokinsa labari a zaure zamanin Turawa. Na cire shi ɗungurungum, feji tara. Ba na so mai karatu ya san ko Ɗanlami zai kai ƙarshen littafin da rai, tunda shi kansa bai sani ba.

Alhamis 24 ga Oktoba

Ba wuta tun farkon sati, kuma ba unguwarmu kaɗai ba, kusan Arewa gaba ɗaya, an ce manyan layukan da ke kawo mana wuta ne suka samu matsala. Fetur ya haura ₦1,000 lita, maganar janareta babu ita. Na koma biro da littafin rubutu.

Talata 29 ga Oktoba

Har yanzu duhu. Taifin ya tsaya cak amma na cika feji da yawa da abin da nake gani a layinmu, don wallahi abin da nake ta neman yadda zan rubuta ne yake faruwa a gabana, a ƙaramin sikeli. Ba wanda ya yi ihu, ba wanda ya gudu. Farko ƙanƙara ce ta ɓace, sai mai niƙa ya ƙara kuɗi, sai 'yan garuwa suka ninka kuɗin jarka saboda masu borehol da man fetur suke tayar da inji, sai tela maƙwabcina ya kasa cika alkawarin ɗinkin biki aka zo har gida ana faɗa, mutumin da ban taɓa jin muryarsa ta ɗaga ba. Kowa da labarin da ya ji, wani ya ce gobe za a kawo, wani ya ce sai wata mai zuwa, wani ya ce da gangan ne, kuma kowa da rantsuwa yake faɗa.

Wannan na jita-jitar shi na fi riƙewa. Mu muna da rediyo da waya ma haka, ina ga mutumin 1894 da labarinsa daga bakin fatake da 'yan gudun hijira yake zuwa? A tarihi an san Yusufu ya rasu a Garko kafin a ci Kano, jama'arsa suka yi wa ƙaninsa Alu mubaya'a, wanda mahaifiyarsa 'yar Sarkin Musulmi Aliyu Babba ce. Layi ɗaya ne a littafin tarihi. A wajen Ɗanlami kuwa sai ya ji an ce Yusufu ya mutu, washegari a ce ƙarya ce Tukurawa suka baza, jibi a ce yana nan tafe da dawaki, kuma kowane labari yana canza lissafin keso ukunsa, zai ci bashi ya sake haɗa rami ko ya jira. Haka zan gina babi na biyar da na shida, kuma ba zan gaya wa mai karatu wanne ne gaskiya ba sai lokacin da Ɗanlami ya sani.

Cajin waya a shago ₦200 kullum, kyandir da batirin tocila kusan ₦2,000 zuwa yanzu.

Lahadi 3 ga Nuwamba

Wuta ta dawo amma wayata ta tafi. A kwanakin cajin shago batirin ya kumbura har ya ɗaga sikirin, ranar Alhamis ta mutu ta ƙi tashi. Mai gyara ya canza batiri ₦9,500 ta kawo haske ta tsaya a tambarin kamfani, ya ce sai an yi mata filashin, kuma filashin zai share komai. Na kai wa wani daban ko zai iya ciro fayil ɗin kafin nan, ya karɓi ₦2,000 ya riƙe ta kwana biyu ya ce ba hali. Babi na ɗaya zuwa na uku suna imel, na huɗu ne ya tafi, wanda na rubuta daf da ɗaukewar wutar lokacin netwok ma sai a hankali.

Babin naɗin Tukur ne, yadda labari ya iso marina da hantsi, aka ji tambari amma gari shiru, masu rini kowa ya sunkuyar da kai cikin raminsa don ba ka san na kusa da kai ɓangaren wa yake ba. Akwai wata hira tsakanin Ɗanlami da Kande da daddare da na san ba za ta dawo yadda take ba, tana ce masa ya je gidan bafaden tun kafin su fita gari, shi kuma yana cewa zuwa tambayar bashi a irin wannan rana ai nuna ɓangare ne. Na zauna jiya na sake rubutawa daga ka, ta fito gajeriya. Raina ya ɓaci sosai, na kwana biyu ban buɗe littafin ba.

Asabar 9 ga Nuwamba

Na je Takai. Ta Wudil aka bi, mota ₦3,000 zuwa ₦3,000 dawowa, abinci da acaɓa a can ₦2,500. Ba takarda na je nema ba, so nake in ga nisan da idona, in ga irin ƙasar, don Tanko zai yi tafiyar nan a ƙasa in Ɗanlami ya aike shi karɓo bashi. An gama girbin gero ana kan dawa, kara a tsaye ko'ina, ga kogin Wudil da dole sai ya ƙetare. Abin da mota ta cinye kafin azahar yaro mai tafiya a ƙasa kwanaki zai yi, yana kwana garuruwan da bai san wa suka yi wa mubaya'a ba, kuma duk inda ya sauka tambayar farko daga ina, wajen wa za ka. Na zauna da wasu dattawa a gindin bishiya kusa da kasuwa, na gaishe su na faɗi abin da ya kawo ni, sun san zancen Yusufawa sarai kuma da alfahari suke yinsa. A birni kuma in ka tayar da zancen wani sai ya ce a bar tone-tone. Wannan bambancin ma zai shiga littafi.

13 ga Nuwamba

Babi na biyar. Lafiya lau, feji shida.

Lahadi 17 ga Nuwamba

Babi na bakwai ya ba ni wuya fiye da duk sauran, ranar da Alu da jama'arsa suka shigo birni a daminar 1894 Tukur ya fice ya nufi ƙasar Katsina. Na rubuta shi da guntayen jimloli, ba waƙafi ba aya a wasu wuraren, murya kan murya, doki, hayaƙi, kuka, don mai karatu ya ji ruɗanin a jikinsa. Na tura wa mutum uku da ke duba min. Ƙanwata ta ce "Yaya na karanta sau biyu ban san inda Ɗanlami yake tsaye ba." Abokina ya ce ya tsallake zuwa ƙarshe don ya ga wa ya mutu. Anti, wadda ita ce ta fi su karatun littattafai, ta ce "Ɗana, ban ji tsoro ba, gajiya na yi."

Maganar Anti ta sa na koma kan littafin Camus, marubucin Faransa, na annoba, 1947, wanda ya kafa a birnin Oran na Aljeriya. Gari guda an rufe ƙofofinsa mutane na mutuwa, amma muryar mai ba da labarin a natse take, likita ne yana lissafa abin da ya gani, ya fara da mataccen ɓera a matakala, kuma natsuwar ce take sa gabanka faɗuwa. Abin da na fahimta shi ne rikicin na mutanen cikin labari ne, alƙalami kuwa dole ya san inda ya sa gaba. In jimla ta rikice mai karatu da marubuci yake faɗa, ya manta da Ɗanlami. Kamar mai ɗaukar amarya a mota ne cikin cunkoson biki, kowa na iya ruɗewa ban da mai riƙe da sitiyari.

Na sake shi daga farko. Yanzu babin gaba ɗaya abu ɗaya Ɗanlami yake so, ya kai turamen zanen mutane da ke shanye a marina zuwa gida kafin a wawashe, don amana ce. Hanyar da ya saba bi an toshe, ya canza lungu, ya haɗu da maƙwabcinsa da takobi a hannu ya kira sunansa mutumin ya wuce kamar bai san shi ba, ya isa gida ya tarar Kande ta bi mata sun fita ba wanda ya san ta wace ƙofa. Ba a ga Alu ba sam, sai ƙarar bindiga daga nesa. Ƙanwata ta kira ni bayan isha'i tana tambaya ina Kande, na ce sai babi na tara.

21 ga Nuwamba

Data ₦3,500. Gyaran babi na shida kawai, na rage zancen mayaƙi Rabe da cin Kukawa, babban birnin Borno, a 1893 zuwa magana ɗaya a bakin wani falke da ya ce hanyar Borno ta mutu, ya fi sakin layi ukun da na yi ina bayani.

Asabar 30 ga Nuwamba

Na kai wa malamina na adabi babi bakwai ɗin a firinte, ₦5,600. Ya karanta a satin, yau muka zauna a zaurensa har la'asar. Abu biyu ya kawo.

Na farko ya ce in yi hattara, tun watan Mayu da aka dawo da Sarki Sanusi gidan Dabo, Sarki Aminu kuma yana gidan Nasarawa, duk wanda ya ga littafi a kan sarki biyu a Kano zai ce habaici ne. Na ce "Allah gafarta Malam, na fara tunanin labarin nan tun kafin wannan." Ya ce mai karatu ba ruwansa da ranar da ka fara. Gaskiyarsa ne, kuma na ɗauka. Ba zan sa wa Tukur ko Yusufu ko Alu magana a baki ba ko guda, ba zan yanke wa kowa hukunci ba, jikokinsu suna nan da ransu kuma mutuncinsu abin kiyayewa ne.

Na biyu shi ne inda muka rabu. Malam yana so ƙarshe ya zama an kashe Tukur a Tafashiya 1895, gari ya lafa, bafade ya dawo da sarauta ya biya Ɗanlami har da ƙari, Kande ta dawo, mai haƙuri ya dafa dutse. Ya ce adabinmu tun daga tatsuniya gyara yake yi, ba a barin mai sauraro a cikin daji. Ina girmama wannan ƙwarai, a kansa na tashi. Amma na ce masa Bature Charles Robinson ya iso Kano ƙarshen Disambar 1894, 'yan watanni bayan shigar Alu, ya tarar kasuwa tana ci maƙil, wato gari ya koma daidai da wuri, kuma a nan ne abin yake min ciwo, don garin da ya koma daidai ba ya waiwayar wanda nasa bai koma ba. Akwai mutanen da aka kama aka sayar a rikicin nan, akwai gidajen da ba su sake haɗuwa ba. In na biya Ɗanlami komai a babin ƙarshe na ce wa mai karatu duk abin da ya wuce ba komai ba ne, jarrabawa ce mai sakamako a hannu, alhali sakamakon wasu sai a lahira. Tawakkalin mutumin da bai samu komai ya dawo ba kuma ya ci gaba da salla ya ci gaba da neman halali, shi nake so in nuna, don shi na fi gani a cikin mutanenmu. Malam ya yi shiru ya ce rubuta mu gani, amma kar ka bar shi ba ko tabarma.

Lahadi 8 ga Disamba

Babi na takwas ya kammala, tafiyar Tanko, na tsayar da shi a bakin kogi ban ce ya ƙetare ba. Abin da na kashe daga Oktoba zuwa yau ya haura ₦40,000, kusan kashi ɗaya cikin huɗu a kan waya. Yanzu duk feji in na gama sai na tura imel kuma na tura wa ƙanwata.

Hutun makaranta ya kusa, so nake in gama na tara da na goma kafin Janairu. Na tara na Kande ne ita kaɗai, daga ƙofar da ta fita zuwa inda ta tsinci kanta, kuma ina buƙatar zama da tsofaffin mata a kan yadda ake saƙa da kaɗi da abin da mace za ta ɗauka in an ce a fita yanzu-yanzu, Anti ta ce za ta haɗa ni da wata 'yar'uwarta a Kura, garin da aka san shi da rini shi ma, sai in haɗa da ganin mabugansu. Zan koma wajen Baba na Ƙofar Mata in tambaye shi nawa ne kuma wane irin aiki ne tayar da ramin da ya daɗe a mace, don a babi na goma Ɗanlami zai yi ƙwadago a ramin wani kafin ya iya taɓa nasa. Na ware ₦15,000 na tafiyar Kura da firintin, sai albashin Disamba ya shigo.